Ɗinkin Bakin Buhu a Rigar Ma Filomen

Ranar Asabar da ta wuce na ji ɗayarku tana cewa ɗinki ba wani abu ba ne, keke ke yin aikin, mutum tura yadi kawai yake yi. Kun san ni ba gwanar magana ba ce. Amma tunda iyayenku sun turo ku shagon nan na Barking ku koyi sana'a, na ga gara in rubuta muku labarin layi ɗaya na ɗinki, daga wuyan riga zuwa ƙasa, wanda keke bai taɓa shi ba. Wadda karatun Hausa ya yi wa wuya ta kai wa mamanta ta karanta mata.

Karatu ne ya kawo ni London daga Zariya a farkon shekarun tamanin, ilimin kula da laburare nake yi. Na samu ɗaki a saman wani shagon ɗinki a Tottenham. Mai shagon, Mma Adiza, 'yar zangon Kumasi ce, doguwa, mai kakkaurar murya. Ta lura ni daga makaranta sai ɗaki, ba na zuwa wajen kowa, ba mai zuwa wajena. Wata rana da la'asar sai na ji ana dukan ƙasan ɗakina da sandar awo.

"Makaranta! Sauko. Littafi zai cinye maka ido."

Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Na sauko, ta miƙo mini reza da wata riga da aka ɓata, ta ce in warware. Sunan Makaranta kuwa ya bi ni har yau.

Wata da watanni ban hau keke ba, warwara kawai nake yi. Ta ce wanda bai san yadda ɗinki ke kwancewa ba bai san yadda yake kamawa ba. Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai kekunan lantarki biyu da wani tsohon keken ƙafa da ta ƙi zubarwa, da alli, da tef, da dutsen guga, da almakashin yadi wanda in ka yanka takarda da shi za ta gane daga kukansa. Sai babban teburin yanka, na katako mai nauyi, wanda ke tsakiyar shagon. A saman kantar shagon kuma akwai wani gwangwanin alewa mai allura ɗaya a ciki, ba mai taɓa shi sai ita. Mma tana cikin matan da ke wankan gawa a masallacin unguwa, ita ke ɗinka likkafani, kuma da wannan allurar take yi. Dokarta ɗaya ce da ba ta wasa da ita: ba a sa wa riga allura tana jikin mai rai. Ko maɓalli ne ya tsinke, sai mutum ya tuɓe.

Yawancin masu kawo mana ɗinki mutanenmu ne, kayan Sallah da na suna da na biki. Amma da Satumba ta kama sai shagon ya cika da wasu mata daban, baƙaƙe kamarmu, daga wasu ƙananan tsibirai na Karibiyan. Da yawansu a asibiti suke aiki, wasu a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da mu Turanci suke yi, amma in sun juya ga junansu sai su koma wani harshe mai kama da Faransanci, Kiriyol suke kiransa. Sun ce a can gida har dukan yaro ake yi a makaranta in ya yi shi. Shi ya sa suka ware rana guda a ƙarshen Oktoba kowace shekara, su yi booking na zauren wani coci, su yini ba mai yin Turanci, a ci abincin gida, a yi tatsuniya, a yi rawa cikin tufafin kakanni. 'Ya'yansu da aka haifa a nan suna ji sarai, amma da Turanci suke amsawa. Ina jin kun san wasu masu irin wannan hali.

Rigar farko da Mma ta bari na yanka tasu ce. Doguwar riga ce da suke kira wob, tana jan ƙasa ta baya, mace ta ɗauke jelar ta rataya a hannu don farin leshin ciki ya fito. Yadin sunansa madaras, layuka ne ja da rawaya da kore suna gitta juna. Wahalarsa ita ce duk inda aka haɗa ƙyalle biyu, dole kowane layi ya tarar da ɗan'uwansa baki da baki. In ya goce da faɗin zare ɗaya, daga bakin ƙofa za a hango. Mma takan ɗaga rigar a taga ta bi haɗin da farce. Tawa ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Hmm. Ashe jera littafi yana da rana." Daga nan duk aikin madaras ya dawo hannuna.

Ma Filomen ta zo ne wata safiya ana yayyafi, ba kowa a shagon sai ni da Mma. Tsohuwa ce ƙarama, mai tafiya a miƙe, ita ce ke jan rawa a bikin nasu tun da aka fara shi. Ta ajiye madaras a kan tebur, ja ya fi yawa a ciki, ta ce wob take so. Na auna ta, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Ina naɗe tef sai na ga ta cire takalmi.

"Ki kwashe almakashin nan, 'yata," in ji ta.

Na kwashe. Ta taka kujera, ta hau teburin yanka, ta kwanta rigingine, ta haɗa ƙafafu, ta ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a ƙirji, ta rufe ido.

"Yanzu ki sake aunawa. Mutum ya fi tsawo a kwance. Ba na son yatsun ƙafata su leƙo."

Na dubi Mma. Keken da take takawa ya tsaya.

"Auna shi, Makaranta," Mma ta ce a hankali.

Na auna. Gaskiyarta, ta fi tsawo da kamar faɗin yatsu biyu.

Da ta sauko ta yi mana bayani tana ɗaura takalmi, kamar mai sayen albasa. Rigar aiki biyu za ta yi. Za ta yi rawa da ita a biki, kuma da ita za a binne ta, don haka ake yi a ƙauyensu. Yayarta ta rasu a nan London, masu shirya gawa suka kasa sa mata wob ɗinta saboda jiki ya sandare, sai suka tsaga bayan da almakashi, suka kama da fil. Ma Filomen ta gani da idonta.

"Rigar da uwarmu ta ɗinka da hannunta," ta ce, "suka yanka ta kamar kwali. Tawa almakashi ba zai taɓa ta ba. Ina son bayan ya riƙe ni in ina rawa, ranar da aka zo sa mini kuma a ja zare ɗaya ya buɗe. Kuma ban da ƙulli. Ƙulli yana riƙe mamaci a hanya."

Mma ta gyaɗa kai. "Mu ma in an kai kabari ana kwance ɗaurin."

"Kin ji. Ashe kuna da hankali." Ma Filomen ta juyo gare ni. "Ina da 'ya, Banadet, nas ce. In ta ji wannan za ta kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa, ta kuma hana ni rawa. Ba za ta ji daga bakinki ba."

Na ce ba za ta ji ba. Ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin in yi.

Ɗinkin da zai riƙe mace tana juyi, ya kuma buɗe da jan zare ɗaya, ba ƙulli a ko'ina. Na gwada ɗinkin riƙo, irin wanda muke yi kafin a hau keke, na sa wa Mma ƙyallen ta ja, ya yage. Na ƙara matse shi, sai ya ƙi fita. Na ɓata guntayen madaras da yawa. Ranar da aka kawo wa Mma buhun shinkafa daga kasuwa, ta kira ni in taya ta buɗewa. Na ga ta laluba bakin buhun, ta kama wani zare, ta ja, ɗinkin ya zube tirrr daga wannan gefe zuwa wancan. Buhun nan an jefa shi a jirgin ruwa, an jefa shi a mota, bai buɗe ba. Na ɗauki buhun da ba komai na hau da shi ɗakina, na zauna ina bin ramukan allura. Ɗinkin sarƙa ne, kowane madauki yana riƙe da na bayansa. Ta ɗaya gefen ko doki ba zai ɓalle shi ba. Ta inda aka gama kuwa, in bakin zaren ya fita daga madaukin ƙarshe, sauran duk bin sa suke yi.

Da hannu na yi shi, daga ƙasan riga zuwa wuya, da zare ja mai ƙarfi, ƙanana ƙwarai, ina haɗa kowane layin madaras da ɗan'uwansa har haɗin ya ɓace. A wuya na zura bakin zaren cikin madaukin ƙarshe, na bar shi da tsawo, na yi masa ɗan aljihu a ƙarƙashin kwala na cusa shi. Iyakar abin da ke tsakanin Ma Filomen da tsiraici a gaban jama'arta ke nan. Na nuna mata wurin. Ta shafa da yatsa, ta ce ranar biki in zo, in zauna inda zan riƙa ganin bayanta.

Zauren cocin ya cika, ƙamshin kifi mai gishiri da ayaba da koko ya gauraye ko'ina. Na samu kujera a jikin bango na zauna, ba na jin ko kalma ɗaya daga abin da ake faɗa. Wani tsoho ya yi tatsuniya, in ya yi kira jama'a su amsa baki ɗaya, kamar yadda muke amsa "ta zo mu ji ta". Bayan azahar makaɗa suka fara, ganga da banjo da caki. Ma Filomen ta fito gaba, jelar riga a hannu, ɗankwali ya sha sitaci yana tsaye. Ba ta tsalle, ba ta gaggawa, amma duk juyin da ta yi sai kafaɗunta su ja bayan rigar. Ni ban ga rawar ba, wuyanta kawai nake kallo.

A juyi na ƙarshe kafin hutu na hango shi. Jan zare ya fito daga ƙarƙashin kwala, yana lilo a tsakanin kafaɗunta.

Kiɗa ya tsaya, ana tafi. Wata mace mai gajeren gashi, sanye da siket da rigar sanyi, ita kaɗai ba ta sa madaras ba, ta nufo tsohuwar da kofin ruwa. Ta ga zaren. Nas ce, ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ta miƙa hannu.

Ban san yadda na ratsa zauren ba. Na dai ga hannuna riƙe da wuyan hannunta, zaren yana tsakanin yatsunta biyu.

"Lafiya?" Banadet ta ce da Turanci.

"Aikina ne. Kada ki ja."

"Zare ne fa kawai. Ku telolin Afirka ba a koya muku yanke zare ba ne?"

Ma Filomen ba ta ko waiwayo ba. Ta yi magana da Kiriyol, gajeriya. Banadet ta saki zaren, ta ce, "To, Mama, ke da 'yar shagonki," ta tafi tana girgiza kai.

Na ɗaga kwalar. Bakin zaren ya riga ya fita daga madaukinsa, ɗinkin ya zube kamar tsawon ɗan yatsa. Na danne wurin da babban yatsa. Duk numfashin da ta ja ina jin madauki na gaba yana neman sulluɓewa. Allura tana jakata, amma dokar Mma tana kaina.

"Ma, ki riƙe numfashi."

"Ina koyo," in ji ta.

Wani mai ganga yana kunna taba a gefe, na karɓi tsinken ashana a hannunsa. Da shi na kamo madaukin, na zura zaren, na mayar da waɗanda suka zube ɗaya bayan ɗaya, na cusa sauran can cikin aljihu. Bayanta bai motsa ba ko kaɗan, kuma duk zafin zauren nan fatar wuyanta sanyi ƙalau. Da na ce na gama sai ta saki numfashi, ta ɗaga hannu, kiɗa ya tashi. Ta yi rawa har yamma, ɗinkin bai sake motsi ba. Washegari na zurfafa aljihun.

Ma Filomen ba ta mutu a shekarar ba, ko ta gaba. Kowace Oktoba takan kawo rigar, don gumi yana cin zare. Takan tsaya ta ga na ja tsohon zaren, bayan ya buɗe tirrr, ta ce madalla, sannan ta cire takalmi ta hau tebur. Abin da na lura da shi, ban kuma faɗa wa kowa ba sai Mma, shi ne a tsaye kowace shekara raguwa take yi, har sai na ɗage ƙasan rigar ta gaba. A kwance kuwa tsawonta bai taɓa canzawa ba.

Mummunar shekararmu ita ce wadda guguwa ta tumbuke itatuwan London, ana saura 'yan kwanaki biki. Da gari ya waye muka tarar iska ta kwashe rufin bayan shago, ruwa ya sauko ta silin. Rigunan biki suna rataye a jere, an gama su, an goge. Madaras na ainihi ba ya son ruwa, jan ya shiga rawaya, koren ya shiga farin leshi, sai ka ce an yanka kaji a kansu. Ba wuta, kekunan lantarki sun jiƙe, hukumar unguwa ta ce mu bi layin masu jiran gyara. Tsohon keken ƙafa ne ya fitar da mu, muna karɓa-karɓa ni da Mma, muna sake abin da za a iya sakewa. Wasu matan sun yi haƙuri, wasu ba su sake tako shagon ba. Sanyin da Mma ta sha a kwanakin nan ya zauna mata a ƙirji, shi ne daga baya ya mayar da ita Kumasi ta bar mini shagon.

Rigar Ma Filomen tana tsakiyar jerin. Ta damanta ta lalace, ta hagunta ta lalace. Na shafa tata daga wuya har jela, a bushe take, ko ɗigo babu. Na duba silin, ruwan ta kanta ya bi kamar sauran. Na kira Mma. Ta tsaya daga nesa ta duba, ba ta taɓa ba.

"Ruwa ma ya san mai shi," ta ce. "Gama masa yau, ka kai masa gida. Kada ya ƙara kwana a nan."

Daga shekarar, ranar da aka kawo rigar ranar take komawa.

A farkon shekarun casa'in, kwana uku bayan biki, ina share shago da hantsi sai ga Banadet. Ranar bikin na ga uwarta ta ja rawa kamar kullum, har ta yi mini tsiya wai na yi ƙiba. Banadet ba ta gaishe ni ba. Ta ajiye wani abu a kan teburin yanka. Tsinken ashana ne, an naɗe masa jan zare tsaf, zaren duk ya yi lanƙwasa-lanƙwasa irin na wanda aka zare daga ɗinki.

Ta ce washegarin biki da safe ta biya ta flat ɗin uwarta. Ta tarar da ita a gado, ta yi wanka, ta yi kitso, ta sa farin leshin ciki, hannu ɗaya kan ɗaya. Rigar tana shimfiɗe a kan kujera, an goge ta, bayan a buɗe daga wuya har ƙasa. Tsinken yana kan ɗankwali. Likita ya ce zuciya ce, cikin barci. Ba ta yi ciwo ba, ba ta sha komai ba.

"Duk shekara in ta dawo daga biki rataye ta take yi," in ji Banadet. "Me ya sa bana ta buɗe?"

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba.

"Tun yaushe kika san abin da rigar take?"

"Tun kafin ranar da na riƙe miki hannu."

Sannan ta ce masu shirya gawa sun tambaye ta wane tela ne ya yi wannan aiki, don ba su taɓa sa wa mamaci riga cikin sauƙi haka ba. Ta bar mini tsinken ta fita. Yana cikin gwangwanin alewar da ke saman kantar shagon, wanda na hana ku taɓawa.

Da Satumba ta zagayo, Banadet ta dawo da madaras a jaka, kore ya fi yawa a ciki. Ta ce ba ta taɓa sa wob ba, ba ta ma iya rawar sosai ba, amma an ce ita za ta tsaya a gaba. Ta gwada gaishe ni da Kiriyol, ta yi dariyar kanta. Na auna kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Ina naɗe tef sai na ji ƙarar takalmi a ƙasa.

"Ki kwashe almakashin, Makaranta."

Teburin shi ne wannan da kuke zama a kai kuna cin chips in na juya baya. Da shi na taso daga Tottenham. Banadet ta tsufa yanzu, ta wuce shekarun da uwarta ta kai, kuma ba ta taɓa fashin Oktoba ba. Ta yi waya za ta zo ranar Asabar da safe. Idona ba ya ganin madauki kamar da. Wadda ta ce keke ke yin aikin ta zo da wuri, ta share teburin, ta wanke hannu. Ita za ta riƙe tef.